Sharhi: Me Ke Sa Rimot Ɗin Mota Ya Daina Amsawa, Kuma Ta Ina Ake Fara Bincike?

A unguwar Minanata, kamar sauran unguwannin birnin Sakkwato, yawancin motocin da magidanta ke hawa a yau ba a buɗe su da zura ƙarfe a ƙofa. Ko Corolla ce, ko Camry, ko Accord, ko Sienna, ɗan maɓalli ake latsawa, fitilu su ƙifta, ƙofofi su saki. Wasu ma ko latsawar ba a yi. Makulli na cikin aljihu, a kama hannun ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli inji ya tashi. Ranar da abin ya ƙi amsawa kuwa, sai shawarwari su yi wa mai mota yawa. Wannan ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, wancan ya ce ɓarayi ne suka toshe ta, mai wayarin kuma ya ce a bari ya cire "sikiyuriti" ɗin gaba ɗaya kowa ya huta. Duk waɗannan na iya faruwa, amma ba su ne suka fi yawa ba. Wanda ya fara ta kansu yakan yi asarar kuɗi, wani lokacin har da tsaron motarsa.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Tushen ruɗanin shi ne na'urori dabam-dabam ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne rimot, wato ɗan akwatin roba mai maɓallai da ke aika saƙo ta iska zuwa mota domin ta buɗe ko ta kulle ƙofofi. Yana da ƙaramin batir mai faɗi a ciki, kuma aikinsa ya tsaya a kan ƙofofi da but.

Na biyu shi ne imobilaiza, wanda za a iya kira mahanin tashin inji. Akwai wata 'yar ƙwaya ta lantarki da ake kira cif, a binne cikin kan makulli. Idan aka zura makulli aka murɗa, wani zoben waya da ke kewaye da ramin makullin yakan ba ƙwayar wuta, ita kuma ta faɗi lambarta. In lambar ta dace da wadda mota ta sani, inji ya tashi. In ba ta dace ba, sitata na iya juyawa amma mai ko wuta ba za su isa inji ba. Abin lura a nan, ƙwayar ba ta dogara da batirin rimot. Saboda haka mutuwar batirin rimot ba ta hana mota mai makullin zurawa tashi.

Na uku shi ne makullin aljihu, wanda dillalan mota ke kira "kiles" ko "tom-sitat", wato motar da ake tayarwa da danna maɓalli da babban yatsa. A irin wannan, motar ce ke fara magana. Tana da ƙananan eriyoyi a hannuwan ƙofa da cikin ɗaki da but, suna aika kira mai gajeren zango, wanda bai cika wuce mita ɗaya ko biyu ba. Makullin da ke kusa ya ji, ya amsa. Wannan ya haɗa aikin rimot da na imobilaiza a jiki ɗaya.

Na huɗu shi ne ƙararrawar da aka ɗora wa mota daga baya, a gareji ko wurin masu saka rediyo da na'urar bin sawu. Ita ce mutane suka fi nufi da "sikiyuriti", kuma ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya saka ta ba. Sau da yawa tana da nata rimot, da nata wayoyin da aka yanka aka jona cikin na asali. Kafin a yi maganar gyara, wajibi ne a san wanne daga cikin huɗun nan ne ya tsaya.

Asalin fasahar da yadda ta iso nan

Motar Renault Fuego ta ƙasar Faransa ce ta fito da rimot na buɗe ƙofa a 1982, kuma da haske marar ganuwa yake aiki, irin na rimot ɗin talabijin. Daga baya aka koma amfani da igiyar rediyo, wadda ba ta buƙatar a saita ta daidai da mota. Imobilaiza ya zama dole a kan sababbin motoci a Jamus da Birtaniya a 1998, saboda yawan satar mota. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Mercedes-Benz ya saka makullin aljihu a manyan motocinsa, sannan sauran kamfanoni suka biyo baya.

Mu a nan ba sababbi muka fi saye ba. Motocinmu 'yan Kwatano ne, ko waɗanda aka sauke a Legas, bayan sun yi shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai. Kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017, da yawa ta Jamhuriyar Nijar suke biyowa su shigo ta Illela. Wannan tarihin yana da alaƙa kai tsaye da matsalar rimot ta fuska biyu. Ta farko, motar da ta ratsa hannun 'yan gwanjo da direbobi da dillalai takan iso da makulli ɗaya tak, wanda ya riga ya tsufa. Ta biyu ita ce maganar zango. Rimot ɗin motocin Amurka da Kanada yawanci a kan megahaz 315 yake aika saƙo, na Turai kuwa a kan 433.92, wasu kuma 868. Megahaz shi ne ma'aunin da masu sauraren tashoshin FM suka saba ji, kuma abin kamar rediyo yake: akwatin da aka kamo tasha ɗaya ba ya jin wata. Saboda haka rimot biyu na iya zama iri ɗaya a ido, masu tambari ɗaya, amma ɗaya na Amurka ɗaya na Turai, kuma babu gwanin da zai sa na Turai ya yi magana da motar Amurka. Rimot ɗin asali na Amurka yana ɗauke da wata lamba a bayansa ko a cikinsa da ta fara da haruffan FCC ID. Da ita ake neman madadinsa, ba da kamannin roba ba.

Batirin rimot, da abin da yanayin Sakkwato ke yi masa

Mafi yawan lokuta, batirin rimot ne ya yi sanyi. Alamunsa ba sa ɓoyuwa. Rimot ɗin da ke buɗe mota daga cikin zaure sai ya koma sai an matso jikin ƙofa, ko sai an latsa sau biyu sau uku. Motoci masu makullin aljihu sukan rubuta gargaɗi a dashbod tun kafin ya mutu. Batirin na bolt 3 ne, kuma lambar da ke jikinsa girmansa take nunawa: CR2032 na nufin faɗin milimita 20 da kaurin milimita 3.2. Akwai CR2025, CR2016, CR1632 da CR1616, kowace mota da nata. Wanda ya saka siriri a mazaunin mai kauri zai ga rimot na yi yau, gobe ya ƙi, domin batirin na motsi a ciki. Wanda ya kifa shi kuwa, ya mai da fuska mai alamar tarawa inda ba nan ba, rimot ba zai amsa ba. Akwai kuma batura marasa inganci, da waɗanda suka daɗe a kan tebur cikin rana kafin a saye su, don haka "ai yanzu na canza batir" ba hujja ce da ke wanke batir ba. A gwada wani daga wani shagon.

Makullin aljihu ya fi cin batir, domin kullum kunnensa a buɗe yake yana jiran kiran mota. Shekara ɗaya zuwa biyu ya saba yi. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinsa ya yi gargaɗin kada a ajiye shi kusa da talabijin, kwamfuta ko cajar waya, saboda suna sa shi farkawa a banza. Rataye shi a bangon da ke daf da inda mota take kwana ma na iya sa su yi ta kiran juna har batir ya ƙare.

Sai yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma saman dashbod ɗin motar da aka bari a rana kan kai kusan digiri 70. Rimot ɗin da ake yawan jefawa a can, ko makullin ajiya da aka ɓoye cikin mota, batirinsa da robarsa ba sa daɗewa. Da hunturu kuma ƙura mai laushi ke shiga ta gefen maɓallan da suka tsage, ta haɗu da gumin aljihu ta zama datti a kan wuraren da wuta ke bi. Ga ruwa: jiƙaƙƙen hannu bayan alwala, ko makullin da aka manta a aljihun riga aka kai wanki. Makullin da ya faɗa ruwa, a cire batirinsa nan take, a bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a gwada. Latsa shi yana jiƙe shi ne ke ƙarasa shi. Faɗuwa ƙasa kuma takan ɓalle dalmar da ta riƙe maɓalli ko mazaunin batir, kuma mai gyaran waya mai natsuwa na iya mayar da ita. Idan maɓalli ɗaya ne kawai ya daina aiki sauran na yi, matsalar tana jikin rimot.

Wani abu da ya shafi gida: tsohon batirin da aka cire kada a yar da shi inda yara ke wasa. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Wannan na asibiti ne nan take.

Idan laifin daga mota yake

Akwatin da ke karɓar saƙon rimot da babban batirin mota yake aiki. Zafi na gajarta ran wannan batirin shi ma. Lafiyayye kan nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan fitilar cikin ɗaki ta dushe, ko hon ya shaƙe, ko kan batir ya yi farin gari, to can za a fara dubawa.

Akwai kuma lokutan da mota lafiyarta ƙalau, ƙin kullewa take yi da gangan. Yawancin motoci ba sa amsa umarnin kullewa idan wata ƙofa ko but bai rufu sosai ba, ko makulli na cikin raminsa, ko akwai wani makullin aljihu a cikin motar. Ɗan maɓallin da ke gaya wa mota cewa ƙofa ta rufu yakan lalace, sai ta riƙa ganin ƙofar a buɗe alhali a rufe take. Alamar ƙofa da ke kunne a dashbod ita ke tona wannan.

Sauran alamun ma suna nuna hanya ga mai lura. Idan fitilu sun ƙifta amma ƙofa ɗaya ba ta motsa ba, saƙo ya isa, ƙaramin injin da ke ja da tura sakatar wannan ƙofar ne ya gaji. Idan maɓallin kulle-duka na jikin ƙofar direba shi ma ba ya aiki, a duba fiyus, wato 'yar wayar da ke tsinkewa don kare sauran idan wuta ta yi yawa, sannan a duba wayoyin da suka ratsa tsakanin ƙofa da jikin mota, waɗanda buɗewa da rufewa ke karyawa. Idan matsalar ta fara ne bayan wankin inji, ko bayan fanel bita ya kwance ƙofa, ko bayan an saka sabon rediyo, to abin da aka taɓa shi ne abin zargi na farko.

Game da lambobi kuwa, rimot na zamani ba ya maimaita saƙo ɗaya. Duk latsawa da sabuwar lamba yake aikawa, mota kuma tana lissafin wadda za ta biyo baya. Idan yara suka yi ta latsa shi nesa da mota sau ɗaruruwa, lissafin na iya saɓawa. Amma canza batir kaɗai ba ya goge rajistar makulli a yawancin motoci. Wasu tsofaffin Peugeot irin su 206 da 307 sukan so a sake daidaita su, kuma ana yin haka ne da murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, a danne maɓallin kullewa na 'yan daƙiƙu. Don haka ba duk wanda aka ce wa "sai an yi furogiramin", wato sai an sake yi wa makulli rajista da kwamfuta, ne ke buƙatarsa ba.

Katsalandan a iska: ɓarayi ne ko na'urori?

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin duk rimot ɗin da ya ƙi aiki a kasuwa ko bakin banki ko wajen masallacin Juma'a, to ɓarawo ne ke kusa. Wasu kuma na cewa wannan tsoro ne kawai. Kowane ɓangare na da abin kamawa.

Saƙon rimot rauni gare shi, kuma duk na'urar da ke fitar da hayaniya a zangonsa tana iya danne shi. A 2019, a garin North Olmsted na jihar Ohayo a Amurka, rimot ɗin motoci da na ƙofofin gareji na unguwa guda suka yi makonni suna ƙin aiki, har aka gano wata na'ura ce da wani mazaunin unguwar ya haɗa a gidansa, tana watsa saƙo a kan megahaz 315 ba tare da ya san illarta ba. A cikin mota ma, cajar waya mai araha da ake sokawa a ramin sigari, da ƙwayayen fitila na LED marasa inganci, da kyamarar gaban gilashi, duk an san suna rage wa makullin aljihu ji. Gwajin mai sauƙi ne: idan rimot na aiki a gida amma ya ƙi a wani wuri ɗaya, ko ya dawo daidai da zarar an zare caja, to babu abin da ya lalace.

Sai dai satar ma gaskiya ce. Akwai masu toshe saƙon kullewa, mai mota ya latsa ya juya ya tafi yana zaton ta kullu, su kuma su buɗe su kwashe kaya. An daɗe ana fama da wannan a Afirka ta Kudu. Akwai masu miƙa saƙo, inda ɗaya ke tsayawa kusa da bangon gida da na'ura, ɗaya a jikin mota, su sa motar ta ɗauka makullin na kusa. A 2022 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi kan wata hanyar, ta naɗar saƙon rimot a sake kunna shi daga baya, wadda aka gano tana aiki a kan wasu motocin Honda da Acura. Kariyar ba ta da tsada. Kada a bar wurin mota sai an ga ƙiftawar fitilu an ji ƙarar sakata, sannan a ja hannun ƙofa a tabbatar. Mai makullin aljihu ya ja ƙofar da ba ta da na'urar ji, galibi ta baya, tunda ta gaba buɗewa za ta sake yi. Da dare kuma a ajiye makulli can cikin ɗaki, nesa da ƙofar gida, ko cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Mafitar da kamfani ya riga ya tanada

Masu motoci da yawa ba su san cewa cikin makullin aljihu akwai siririn makullin ƙarfe ba. Ana zare shi da ɗan maɓalli a gefe ko a baya, kuma yana buɗe ƙofar direba. A wasu motocin ramin na ɓoye ƙarƙashin murfin roba a ƙarshen hannun ƙofa. Ƙararrawa na iya tashi, amma takan yi shiru da an kunna mota. Don tayar da inji, a motocin Toyota da Honda da yawa, ana taka birki, a manna jikin makullin a kan maɓallin tayarwa, sannan a danna. Wasu Nissan suna da ramin soka makullin a gefen sitiyari. Ƙwayar cif ce ke aiki a nan, shi ya sa mataccen batir ba ya hanawa.

Matsalar ita ce ramin da aka shekara biyar ba a zura masa komai ba, ƙurar hunturu takan cushe shi. Ya kamata a riƙa gwada shi lokaci-lokaci. Mai sayen mota kuma ya gwada ƙarfen a gaban dillali, domin akan samu motar da aka canza wa ƙofa ko makulli, ƙarfen bai dace da ramin ba.

Muhawarar cire sikiyuriti

Masu goyon bayan cirewa suna da hujja. Wanda ke tafiya Illela ko Tambuwal ko Argungu ba ya son na'urar da za ta tsayar da shi a daji, inda babu mai kwamfutar mota. Idan ƙararrawar da aka ɗora daga baya ake nufi, musamman wadda aka jona da murɗa waya da salatif, sau da yawa cire ta a mayar da wayoyi yadda suke gyara ne na gaskiya, domin irinta kan shanye batir cikin dare ta kuma yanke wutar inji ba dalili.

Imobilaiza na asali kuwa wani abu ne dabam. Dabarar da aka fi yi ita ce a ciro ƙwayar cif a manne ta a jikin zoben ramin makulli, ta yadda kowane ƙarfen da aka yanka zai tayar da motar. An huta da matsala, amma an mai da motar abin da ɓarawo zai tayar cikin mintuna. Amurka ta ga sakamakon rashin wannan na'ura: motocin Kia da Hyundai da yawa da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 ba su da ita, kuma satarsu ta yi yawan da ya kai kamfanonin gaban kotu. A ganina, cire imobilaiza saboda rimot ya ƙi buɗe ƙofa kuskure ne babba, tunda ba shi ne ke buɗe ƙofar ba tun farko. Haka ma canza ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira biren-bokis, bai kamata a yarda da shi ba sai an jona na'urar bincike ta nuna inda laifin yake, bayan an gama da batura biyu, da fiyus, da ƙofofi.

Abin da sakaci ke jawowa

Mafi munin abin da ka iya faruwa ba na kuɗi ba ne. Motoci da yawa kan sake kulle kansu bayan kusan daƙiƙa 30 idan an buɗe da rimot ba a buɗe ƙofa ba, ƙararrawar da aka ɗora daga baya kuma wata takan kulle ƙofofi ko da makulli na ciki. Makullin aljihu mai mataccen batir ma mota ba lallai ta san yana ciki ba. Idan haka ta faru da yaro a ciki, a zafin bazara, ba a jiran mai yankan makulli. A fasa gilashin da ya fi nisa da yaron a fito da shi.

Ta fuskar kuɗi kuwa, bambancin na tsakanin mai makulli ɗaya da mai biyu ne. Makulli na biyu shi ne ma'aunin bincike mafi sauri: in ya yi aiki, laifin na makullin farko ne, in shi ma ya ƙi, a koma kan mota. Kuma ƙara makulli alhali akwai mai aiki a hannu aiki ne ƙarami. Idan duk sun ɓace, a wasu tsofaffin Toyota da Lexus sai an ciro ƙwaƙwalwar an sake rubuta ta. A irin waɗannan motocin baƙin makulli shi ne babba, mai launin toka kuwa yana tayar da inji amma ba a ƙara wani makullin da shi ta hanyar da aka saba, don haka mai saye ya duba wanne aka ba shi. Lokacin yin rajistar, a nemi mai aikin ya goge tsofaffin makullan da ba sa hannu, domin ba a san inda na mai motar na baya yake ba.

Duk mai motar da ke yawo da makulli ɗaya a Minanata ko wata unguwa, ya je ya yi na biyu tun na farkon yana aiki, ya ajiye shi a gida, ba cikin motar ba.